Ziyarar Tsohon Garin Gaya

Baƙon da ya taso daga Toranke ya shiga Gaya yakan zarce ƙofar fada, yana zaton can ne tushen garin. Alhali tsufan Gaya a maƙera yake. Bisa tarihin baka, a nan aka ƙera wa Bayajida wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu a Daura. Haka kuma Abagayawa, maƙeran da suka zauna gindin Dala suna haƙar tama, daga Gaya suka fito. An ce ma sunan shugabansu, Kano, birnin ya ci. Saboda haka ya kyautu mai ziyara ya fara neman dattawan maƙera, domin siminti da kwano suna ta cinye ginin ƙasa, masu riƙe da labarin kuwa suna ƙarewa.