Ragon Iri Shi Ne Rabin Garke

Ƴan uwa makiyaya na ƙasar Gure, manomi ba ya shuka kowane zangarniya. Yana ware mai ƙwari ya ajiye don iri. Tumaki ma haka suke. Amma da yawa cikinmu, in Layya ta matso, sai mu kai babban rago kasuwar Subdu ko Gidigir, mu bar ƙanana a gida. Ƙananan nan su ne za su yi barbara. Shi ya sa garke ke ƙanƙancewa shekara bayan shekara.

Me ya sa rago ya fi muhimmanci?

Tunkiya tana ɗaukar ciki wata 5. Ta haifi ɗa guda ko biyu. Rago guda kuwa yana isar tumaki 25 zuwa 30. Kowane ɗa yana ɗaukar rabin jininsa daga uba, rabi daga uwa. Ke nan rago guda shi ne rabin jinin duk ƴaƴan garke. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Irin tumakinmu

Balami fari ne, babba, mai dogon kunne. Ya fi sauran yin nama, amma yana son abinci da ruwa sosai. Uda rabinsa na gaba baƙi ne ko ja, na baya fari. Yana jure doguwar tafiya. Ara-ara na Buzaye bai kai su girma ba, amma ya san yunwa da ƙishirwa. Mai kiwon turke zai ji daɗin Balami. Mai tafiya daji ya riƙe Uda ko Ara-ara.

Yaya ake zaɓen ragon iri?

1. A dubi uwarsa. Tana da nono? Tana haihuwa kowace shekara? Ƴaƴanta suna rayuwa?
2. A gwada shi da tsaransa da suka ci abinci iri ɗaya. Wanda ya fi saurin girma a wata 4 shi ne gwani.
3. A taɓa shi da hannu. A nemi faɗin ƙirji, dogon baya da cikakkun cinyoyi.
4. Ƙafafu su miƙe. Haƙora su zauna daidai.
5. Ƴaƴan marainansa su zama biyu, girma ɗaya, ba kumburi.

Kitse ba iri ba ne. Ragon da aka cika da dusa yana iya yin ƙiba, amma ɗansa ba ya gādon dusa. Kada girman ƙaho ya ruɗe ku. Mahauci nama yake saye.

Sauran raguna fa?

A dandaƙe su tun suna ƙanana, ko a ware su a turke su. A ba su harawa, dusa da kanwa, a sayar lokacin Layya.

Kada rago ya hau ƴarsa

Bayan shekara 2, ƴaƴansa mata sun isa barbara. In ya hau su, jini ya yi kusa. Ƴaƴan sukan fito raunana, wasu su mutu. Sai a yi musayar rago da wani gari.

An yi a wani wuri

A 1963 aka buɗe gidan kiwon jar akuya a Maraɗi, don zaɓen bunsuru na gari a kai ƙauyuka. A Afirka ta Kudu, tun wajen 1930, makiyaya suka haɗa iri biyu suka samu tunkiyar nama mai suna Dorper, wadda ke jure fari. Zaɓe da haƙuri suka kai su.

Ku da kuka iya rubutu, ku sami littafi. Ku rubuta uwar kowane ɗa, ubansa da ranar haihuwa. Ku kai tumaki rigakafi wurin ma'aikatan dabbobi. In rago ya fi ƙarfin mutum ɗaya, mutum biyar su haɗa kuɗi.

Bana kafin ku tafi kasuwa, ku ɗaure ragon iri tukuna.