Na'urar Auna Zurfin Ruwa da Hatsarin Jirage a Kogin Neja

Duk lokacin da jirgin ruwa ya kife a Kogin Neja ko a tafkin Kainji, bayanin da ke fitowa daga bakin jami'ai da kafafen labarai kusan iri ɗaya ne, wato lodi ya yi yawa, an yi tafiyar dare, kuma fasinjoji ba su sa rigar kariya ba, alhali a tsakiyar rahoton akan sami jimla guda da ake ambata a wuce ta kamar ba ta da nauyi, ita ce cewa jirgin ya daki kututture a ƙarƙashin ruwa. Haka aka ruwaito a hatsarin watan Yunin 2023 a ƙaramar hukumar Patigi ta jihar Kwara, inda mutum fiye da 100 da ke dawowa daga biki suka rasu, haka kuma aka sake ruwaitowa a watan Satumban 2025 a ƙaramar hukumar Borgu ta jihar Neja. Yawan lodi da rashin rigar kariya su ne ke ƙara adadin mamata, amma abin da ke fasa katakon jirgin tun farko yana can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin abin da ba shi da magani, wasu kuma na zaton da an ɗaura wa kowane jirgi na'urar auna zurfin ruwa da an huta, kuma duka ɓangarorin biyu ba su fahimci aikin na'urar ba.

Yadda take aiki ba shi da wuyar bayani. Akwai wani ɗan ƙoƙo da ake mannawa a jikin jirgi cikin ruwa, wanda za a iya kira bakin na'ura, shi ne ke tura sauti zuwa ƙasa ya kuma saurari amsa-kuwwarsa, sai na'urar ta lissafa lokacin da sautin ya ɗauka zuwa da dawowa, ta raba biyu, ta nuna zurfin a fuskarta. Sauti na tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa guda cikin ruwa, saboda haka a zurfin mita 3 amsar na dawowa kafin ƙiftawar ido. Dabarar ta samu ne bayan nutsewar jirgin Titanic a 1912, lokacin da Bajamushe Alexander Behm ya yi rajistar tasa a 1913, kuma a yau masunta da yawa a duniya na da ƙaramar na'urar a kwale-kwalensu.

Matsalar tana farawa ne idan ruwa ya yi ƙaranci. Lambar da na'ura ke nunawa nisa ce daga bakinta zuwa ƙasa, ba daga saman ruwa ba, ba kuma daga farfelar inji ba, wadda a mafi yawan jiragen katako ita ce ta fi kowane sashe nutsewa. Idan bakin na'ura yana santimita 30 ƙasa da saman ruwa, farfela kuma tana santimita 70, to lambar mita 1 a fuskar na'ura na nufin saura santimita 60 kacal tsakanin farfela da yashi, kuma wannan bambanci dole ne matuƙi ya shigar da shi cikin saitin na'urar, ya kuma sake duba shi duk sa'ad da aka loda buhunan hatsi ko babura, domin jirgin da ya ɗauki kaya nutsewarsa ta ƙaru. Ƙari a kan haka, jirgin da ke gudu a ruwa mara zurfi gindinsa kan ƙara zaunawa ƙasa, saboda ruwan da ke matsewa tsakaninsa da ƙasa yana janyo shi. Kumfar da farfela ke tayarwa, da taɓo mai laushi, da ciyawar ruwa duk suna ruɗa lambar, kuma a inda ƙasa ke da tauri sautin kan buga sau biyu tsakanin ƙasa da cikin jirgi har na'ura ta nuna ninkin zurfin gaskiya, wanda shi ne kuskure mafi muni tunda yana kwantar wa matuƙi da hankali a daidai inda ya kamata ya tsorata. Shi ya sa gora ba ta rasa gurbinta a jirgi, kuma mai hankali kan gwada na'urarsa da gora a mashigi kafin ya tashi.

Amma babban abin da ya kamata a gane shi ne na'urar ƙasa take kallo, ba ta kallon gaba. Sautinta yana buɗewa ne kamar hasken tocila da aka haska ƙasa, wanda da'irarsa ke ƙanƙancewa gwargwadon kusantarsa da ƙasar, kuma a irin ƙananan na'urorin da aka fi samu faɗin da'irar bai wuce kashi ɗaya cikin uku na zurfin ruwan ba, ma'ana a zurfin mita 3 abin da take gani bai wuce faɗin mita 1 ba. Jirgin da ke tafiyar kilomita 18 a awa yana cin mita 5 a kowace daƙiƙa, bakin na'ura kuma galibi a bayan jirgi ake manna shi, don haka kafin kututture ya bayyana a fuskarta gaban jirgin ya riga ya hau kansa. Tana iya gargaɗin matuƙi cewa ƙasa na tasowa a hankali, kamar yadda tudun yashi ke yi, amma itacen da ke tsaye cak a cikin ruwa mai zurfi ba ya ba da irin wannan sanarwa.

A nan ne tarihin da aka yi watsi da shi yake da abin cewa, domin haɗarin ƙasan wannan kogi tsohon labari ne. A 1806 Bature mai binciken kogin, Mungo Park, ya mutu a duwatsun Busa, a wurin da yanzu tafkin Kainji ya shanye, kuma a 1857 jirgin Dayspring na ayarin William Baikie, wanda Samuel Ajayi Crowther ke cikinsa, ya daki dutse kusa da Jebba ya lalace, har mutanensa suka yi zaman kusan shekara a gaɓa suna jiran ɗauki. Darasin da 'yan kasuwar Turawa suka ɗauka shi ne ba a shiga Neja sai da ɗan kogi, saboda haka jiragen hayaƙi suka riƙa ɗaukar matuƙa 'yan ƙasa, tare da mutum a gaban jirgi riƙe da doguwar sanda mai alamomi yana cakawa yana kiran zurfi da ƙarfi. Ilimin kuwa dama yana nan tun kafin zuwansu, a wurin mutanen Kede na ƙasar Nupe waɗanda sarkinsu Kuta ke zaune a Muregi, a mahaɗar Kaduna da Neja, waɗanda masani S. F. Nadel ya yi rubutu a kansu a 1940, da Sarkawa da Gungawa na ƙasar Yawuri. Matuƙi a cikinsu yana karanta launin ruwa, da yadda fuskarsa ke yin ƙananan tuddai a kan yashi, da inda yake juyawa a bayan dutse, ya kuma san cewa hanyar bara ba lallai ta zama ta bana ba, domin kowace ambaliya tana kwashe yashi daga wannan gaɓa ta jibge a waccan.

Gwamnatocin baya ma sun san darajar awo. Kafin layin dogon Baro ya isa Kano a 1911, da ma bayansa, Baro ce mahaɗar jirgin ruwa da jirgin ƙasa, kuma a shekarun 1950 aka ɗauko kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ya auna Neja da Binuwai, ya fitar da rahotonsa a 1959. Sai kuma aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya mamaye tsohuwar Busa da ƙauyuka da gonaki da dazuzzuka, aka tashi mutum fiye da 40,000, tafki mai tsawon fiye da kilomita 130 ya kwanta a kan ƙasar da ba a sare dukkan itatuwanta ba. Wannan ya raba ɗan kogi da gadonsa ta hanyar da ba a cika magana a kanta ba, domin ilimin kakanninsa na ruwa mai gudu ne, ga shi yanzu yana tuƙi a kan tsohon daji, kuma itacen da ruwa ya rufe gaba ɗaya yana iya shafe shekaru masu yawa bai ruɓe ba. Matakin tafkin na hawa da sauka da mita da dama a shekara, saboda ruwan damina na nan kusa da kuma ruwan tsaunukan Gini da ke isowa bayan watanni, da kuma wanda ake saki don wutar lantarki, saboda haka kututturen da aka wuce ta kansa lafiya a wata guda yana iya zama taku ɗaya daga cikin jirgi a wani watan.

Abin takaici shi ne duk lokacin da aka tuna da zurfin Neja, manyan jiragen kaya ake tunawa. A 2009 shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe kogin daga Warri zuwa Baro, tazarar kilomita 572, a watan Janairun 2019 kuma aka buɗe tashar Baro, wadda shekaru bayan haka ba ta ga zirga-zirgar da aka yi alkawari ba. Amma hanyoyin da talaka ke bi kullum, daga ƙauye zuwa kasuwa, zuwa biki, zuwa ta'aziyya, a Warra da Yawuri da Malale da Gbajibo da Patigi, ba su ne ke cikin irin wannan lissafi ba, kuma a kansu ake mutuwa, kamar yadda aka gani kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi a watan Mayun 2021, lokacin da jirgi mai ɗauke da fiye da mutum 150 ya nutse.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta cikin gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 kuma hedkwatarta ke Lakwaja, tare da gwamnatocin jihohin Neja da Kebbi da Kwara da Kogi, ba su da hujjar tsayawa a kan rabon rigunan kariya da haramta tafiyar dare, duk da cewa dukansu wajibi ne. Amfanin na'urar auna zurfi mafi girma a wannan kogi shi ne a hannun mai awo, wanda zai bi hanya a hankali layi bayan layi, na'urarsa haɗe da GPS, da tsohon matuƙi a gefensa yana nuna masa inda aka taɓa buga itace, har a fitar da taswirar kowace hanyar kasuwa, a kafa alamomi masu yawo a kan ruwa, a liƙa taswirar a mashigi da Hausa da Nupanci, a kuma sabunta ta bayan kowace ambaliya. Ƙungiyoyin masu jirage da sarakunan ruwa su ma nauyi na kansu, domin ba daidai ba ne a bar yaro ya kama inji da rayuka 80 a bayansa bai san nutsewar jirginsa ba. Lokacin aikin kuwa sananne ne: watannin da ruwan tafki ya fi ja da baya, sa'ad da kawunan kututture ke fitowa fili, ana iya ɗaukar wurin kowanne, a sare wanda zai saru, a ɗaura wa sauran tuta kafin ruwa ya sake rufe su.