Tsohuwar Bindigar Toka: A Duba Kafin A Goge

Da kaka ta yi, mafarauta sukan ɗauko bindigogin da suka ajiye tun farkon damina. Sau da yawa sai a tarar tsatsa ta ci ƙarfen, ƙotar kuma ta yi furu-furu.

Kafin komai, malam, ka tabbata babu ɗuri a ciki. Albarushi yakan shekara da shekaru bai mutu ba. Zura sandar ɗuri har ƙarshe, ka yi mata alama, ka zaro ta ka gwada da tsawon bututun ta waje. In ta gaza, akwai ɗuri. Kada ka leƙa bakin, kada ka sa ƙarfen a wuta.

Tokar albarushi tana jan danshi, shi ya sa tsatsa ke farawa daga ciki. A wanke cikin da ruwan zafi, a busar sarai, a shafa man keken ɗinki. Tsatsar waje kuwa kananzir da tsumma sun isa. Ƙota a goge ta da samfefa mai laushi.

Amma in tsatsa ta yi ramuka a bututun, ko ya tsage, mai ba ya maganinsa. Irin wannan ne ke fashewa ya tafi da yatsun mai ita. A jingine ta kawai.

Dokar bindigogi ta 1959 ta sa libarba cikin makaman da aka hana. Wanda ya gaji irinta kada ya taɓa gyaranta, ya kai wa 'yan sanda.