Gidan Mari: Wa Ya Duba Su?

Yau Daura muka nufa. A Oktoban 2019 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a Sabon Garin Daura, suka fito da mutum 67, wasu da mari a ƙafa. 'Yan uwansu ne suka kai su, wai a gyara musu hali.

Ni dai tambayata: wane likita ya duba su? Ka ɗauka an kawo mutum uku: mai shaye-shaye, mai taɓin hankali, da yaron da ake zargi da sha'awar jinsinsa. Biyun farko asibiti suke buƙata, ba bulala ba. Na ukun kuwa, tun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan daga jerin cututtuka. To me ake warkarwa a jikinsa?