Daga Bahar Maliya zuwa Tafkin Madarunfa

A ƙasashen da ke bakin teku, irin su Masar da Tanzaniya, nutso sana'a ce mai kawo kuɗi. Baƙo yakan goya tulun iska a baya, ya sa gilashin fuska da takalmin iyo, ya gangara ƙarƙashin ruwa don kallon murjani da kifaye masu launi. Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Émile Gagnan, su suka ƙera na'urar shaƙar iskar a 1943. Babbar ƙa'idar nutso ita ce a hauro a hankali, don gaggawa tana sa iska ta yi kumfa cikin jini.

Nijar ba ta da teku, amma Maraɗi ba ta rasa abin nuna wa baƙi ba.

Gulbin Maraɗi yana shigowa daga Najeriya da damina, ya ratsa Jiratawa mai lambunan rani, ya bi ta Maraɗi da Tibiri, sannan ya koma Najeriya. Kudu da birnin Maraɗi kuwa ga Tafkin Madarunfa, inda masunta ke kamun tarwaɗa da karfasa, tsuntsayen ruwa na sauka, masu ziyara kuma na zuwa kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi. Tun 2006 Nijar ta sa tafkin da dajinsa da kaburburan cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su.

Yashi na cike tafkin sannu a hankali. Ya kamata hukuma da jama'ar gari su dasa itatuwa a gefensa, su kuma hana zuba shara a ciki.