Yadda Ake Kallon Saiwa Tana Shan Ruwa a Cikin Ƙasa

Duk wanda ya taɓa ganin masara ta yi yaushi da tsakar rana, sa'an nan ta miƙe da sanyin maraice, ya san akwai wani aiki da ke gudana a ƙarƙashin ƙasa wanda idonsa bai kai gare shi ba. A makaranta, idan malami ya ce a duba saiwa, abin da akan yi shi ne a tuge shukar, a kakkaɓe, a wanke. To amma saiwar da aka tuge ta riga ta bar aiki. Siraran gassunta sun tsittsinke, ƙasar da ke manne da ita ta zube, ruwan da ke tsakaninsu kuma ya bi iska. Saboda haka tambayar da ta daɗe tana damun masana ilmin tsirrai ita ce: ta wane sashe na saiwa ruwa yake shiga, kuma yaushe? Mai neman fitar da sabon iri wanda zai jure fari yana bukatar wannan amsa, domin ya san irin saiwar da zai zaɓa.

Hanya ta farko ta leƙa cikin abu ba tare da an yanka shi ba ita ce hasken eksire, wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti. Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Rontgen ya gano shi a watan Nuwamba na 1895, kafin shekarar ta ƙare kuma ya ɗauki hoton hannun matarsa, ƙasusuwa da zobe duk suka fito. Dalilin fitowarsu shi ne, ilektiron da ke kewaye da ƙwayar zarra su ne ke tare wannan haske. Ƙwayar kalsiyam da ke cikin ƙashi tana da ilektiron 20, ta dalma tana da 82, ta haidirojin kuwa guda ɗaya tak. Watau abu mai nauyi yana yin inuwa, tsoka da ruwa kuwa sai hasken ya ratsa su ya wuce. A 1971 aka fara gwada na'urar Godfrey Hounsfield a kan majiyyaci a Landan. Ita wannan na'ura tana ɗaukar hotuna daga kowace kusurwa, kwamfuta ta harhaɗa su, sai a ga cikin abu kamar an yanyanka shi falle-falle.

Masana tsirrai sun ari wannan dabara. A wani bincike da aka buga a 2016, masana daga Faransa da Senigal da Ingila sun yi amfani da irin wannan na'ura a Jami'ar Nottingham suka bi girman saiwar gero tana cikin ƙasa. Sai dai ga matsala. Eksire yana nuna ƙwayoyin yashi da kafofin iska da ke tsakaninsu ɓaro-ɓaro, amma da ƙyar yake bambanta saiwa da ruwan da ke kewaye da ita, tun da ita kanta saiwar mafi yawanta ruwa ce. Ana ganin inda take, ba a ganin abin da take sha.

A nan ne nutiron ya shigo. James Chadwick ya gano shi a Kambirij a 1932. Ƙwaya ce da ke zaune a cibiyar zarra, ba ta ɗauke da cajin lantarki, don haka ba ruwanta da ilektiron, sai ta yi karo da cibiyar kanta. Abin mamakin shi ne, a nan nauyi ba shi ne ke hukunci ba. Nutiron yana ratsa dalma da alminiyam cikin sauƙi, amma ruwa mai kaurin 'yan santimita kaɗan ya isa ya warwatsa shi, domin cibiyar haidirojin tana cikin waɗanda suka fi iya kautar da shi daga hanya. Masu wannan aiki suna da wani gwaji da suke nuna wa baƙi: a sa fure a cikin tukunyar dalma. Eksire ba ya ganin kome sai tukunyar, nutiron kuwa ya nuna furen da ganyensa kamar babu abin da ya rufe shi.

Ga yadda ake yi da saiwa. Akan sami ɗan siririn akwati na alminiyam, kaurinsa bai fi santimita ɗaya ko biyu ba, a cika shi da ƙasa mai yashi, a yi shuka a ciki. Idan shukar ta tasa sai a ajiye akwatin a gaban hanyar da nutiron ke fitowa. A bayansa akwai wani allo da ke ƙyalli duk inda nutiron ya same shi, kyamara kuma tana ɗauka. Inda ruwa ya yi yawa hoto ya yi duhu, inda ya bushe ya yi haske. Shukar tana nan da ranta, ana iya maimaita hoton safe da yamma har makonni.

Andrea Carminati da abokan aikinsa sun yi haka a Cibiyar Paul Scherrer ta ƙasar Suwizalan, da wata shuka dangin wake da ake kira lufin, suka buga sakamakon a 2010. Hankali yana ba mutum cewa ƙasar da ke jikin saiwa ita za ta riga bushewa, tun da daga nan ake zuƙar ruwan. Hoton ya nuna akasin haka. Yayin da ƙasa ke bushewa, wannan siririn zobe da ke kewaye da saiwa ya fi sauran ƙasar laima. Da aka bari ya bushe sarai aka yi ban ruwa, sai sauran ƙasar ta jiƙe nan take, shi kuwa zoben ya ƙi shan ruwa har kusan kwana biyu. Masanan sun danganta wannan ga wani yauƙi, irin na kuɓewa, da bakin saiwa ke fitarwa. Muddin yana da danshi yana riƙe ruwa, idan ya ƙafe kuwa sai ya koma yana korar ruwan na ɗan lokaci. A ganina wannan ya kamata ya tsaya wa mai noman rani a rai: jiƙewar gona ba ta nufin saiwa ta sha a wannan sa'a.

Saura tambayar ta ina ruwan ke shiga. An yi mata dabara da abin da ake kira ruwa mai nauyi, wanda haidirojin ɗinsa ke da ƙarin nutiron guda a cibiya. Shuka tana shan sa kamar ruwan yau da kullum, amma ba ya tare nutiron sosai. Idan aka ɗura shi a wani sashe na akwatin, duk saiwar da ta zuƙe shi sai ta dusashe a hoto, a bi shi da ido yana hawa zuwa kara, da sauri da rana, a hankali da dare. Da wannan aka ga cewa a masara 'yar mako biyu, ƙananan saiwoyin gefe ne ke shan ruwan, manyan kuwa aikinsu kai shi sama. Wani bincike na 2018 ya nuna cewa idan masarar ta kai mako biyar, saiwoyin da ke fitowa daga gaɓoɓin gindin kara ne suke karɓe yawancin aikin.

Tun da kowane haske yana ganin abin da ɗan'uwansa ya makance a kai, an haɗa su. A Cibiyar Laue-Langevin da ke Grenoble a Faransa akwai na'urar da ke haska abu guda da eksire da nutiron a lokaci ɗaya, ɗaya ya fito da ƙwayoyin ƙasa, ɗaya ya fito da ruwa, a ɗora hoto a kan hoto.

Kada mai karatu ya ɗauka aikin ba shi da iyaka. Akwatin siriri ne, alhali saiwar gero a gona takan zarce mita guda. Ƙasar kuma yawanci yashi ce, domin laka mai riƙe ruwa da yawa tana duhunta hoton. Uwa uba, eksire ana samunsa daga injin da ke shiga ɗaki guda, nutiron mai yawa kuwa sai daga tukunyar nukiliya ko wani katafaren injin harba ƙwayoyin zarra, kuma masana daga ƙasashe da dama ne ke layin 'yan kwanakin da za a ba su. Nijeriya tana da tukunyar nukiliya ta bincike a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda ta fara aiki a 2004. Ƙarfinta a lokacin da ta fara aiki kilowat 30 ne, an kuma gina ta musamman don gano sinadaran da ke cikin ƙasa da duwatsu da abinci. Ta Grenoble ƙarfinta megawat 58 ne, watau ta ninka ta Zariya kusan sau dubu biyu.