Ko Kun Sani? Kumbon da Bai Dogara da Rana Ba

Kumbon Voyager 1, wanda Amurka ta harba a 1977, har yau yana aiko da saƙo daga nisan da ya haura kilomita biliyan 24, kuma ba shi da faifan sola ko ɗaya. Wutarsa daga zafin sinadarin fulutoniyam-238 take fitowa: wasu ƙarafa na musamman ne ke mayar da zafin lantarki, babu wani inji mai juyawa da zai lalace. Da wat 470 ya fara, yana rasa kusan wat 4 duk shekara, shi ya sa hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ke kashe na'urorinsa ɗaya bayan ɗaya.

Wani zai ce ai kumbon Juno da sola yake aiki a duniyar Jufita. Haka ne, amma sai da aka yi masa manyan fukafukai uku, domin hasken can kashi ɗaya cikin 25 ne na namu. Inda Voyager yake kuwa, ya ragu fiye da sau 25,000. Fargabar haɗarin fulutoniyam ma ba wasa ba ce, sai dai irin wannan na'ura mai fulutoniyam ta faɗa Tekun Pasifik daga kumbon Apollo 13 a 1970, kuma ba a gano ta yi yoyo ba.